Wane Littafi Ɗalibin Lissafi da Kimiyya Zai Riƙa?

 

Maganarmu ta yau ta yaran da suka ci bak ce, wato jarrabawar kammala lise, musamman 'yan seri C da D, maza da mata, waɗanda suka ƙudura niyyar karanta lissafi ko fizik ko shimi a jami'a. Amma kada baba ko inna su ce ba da su ake ba, don kuwa aljihunsu ne zai ji a jikinsa. Tambayar ita ce: cikin tarin littattafan da ke duniya, wanne yaro zai riƙa?

Jami'ar da ke nan garinmu Tawa, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, kuma take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Farfesa Djibo Hamani, an fi saninta da karatun shari'a da tattalin arziki da horar da malamai. Saboda haka yawancin yaranmu masu son zurfafawa a lissafi da fizik sai sun ɗauki jaka. Wasu su nufi Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni ko makarantar ma'adinai ta EMIG, wasu Maraɗi, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, wasu Agadas, wasu kuma su tsallaka iyaka ta Ƙwanni zuwa Sakkwato ko Zariya. Yaro ya bar gida, ga kuɗin ɗaki, ga na abinci, ga na mota. Littafin da ake sayarwa yuro 40 a Faransa, in ka juya shi zuwa sefa, jikka 26 ne, wato sefa dubu 26, har da ɗoriya, tun ba a sa ladan kawo shi ba. Wanda ya san yadda ake haɗa jikka 26 a gonar tudu, ko a tallan kaya a titunan Abijan, ba zai so a zuba su a kan littafin da zai ƙare kwanansa cikin akwati ba.

Mu nan ba baƙin wannan al'amari ba ne. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya san karatun fiƙihu hawa-hawa ne: Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, kafin a kai ga Muhtasar. Babu malamin kirki da zai ɗora wa almajirin jiya Muhtasar don kawai shi ne babba. Kuma ba a tashi daga littafi sai an sauke shi. To, waɗannan ƙa'idoji biyu, wato ka ɗauki littafi daidai ƙarfinka, kuma ka kai shi ƙarshe, su ne ɗaliban jami'a suka fi karyawa.

Bari mu fara da ta farko. Yaro ya shiga shekarar farko, sai ya ji manyan ɗalibai suna ambaton sunaye masu nauyi. Ya ji Bourbaki, wato gungun masana lissafi na Faransa da suka fara fitar da littattafansu a 1939. Ya ji Landau da Lifshitz, masanan nan biyu na Tarayyar Sobiyet da aka san su da kundin fizik mai juzu'i goma. Ya ji littafin Cohen-Tannoudji da abokan aikinsa kan ilimin ƙwayar zarra, aka ce masa ai mutumin nan ya ci kyautar Nobel a 1997. Duka gaskiya ne, kuma duka littattafai ne na girmamawa. Amma ba don ɗan shekarar farko aka rubuta su ba. Yaro ya buɗe shafi na uku ya kasa motsi, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da kan lissafi. Alhali kansa lafiya lau, matakin ne ya tsallake. Ko darussan Richard Feynman, waɗanda ya gabatar wa sababbin ɗalibai a jami'ar Caltech ta Amurka tsakanin 1961 da 1963, kuma suke da daɗin karantawa ƙwarai, shi da kansa ya nuna shakku a gabatarwar littafin kan ko yawancin ɗalibansa sun amfana yadda ya so. A karanta su don buɗe ido, amma ba da su kaɗai ake shiga jarrabawa ba.

To yaya za ka gane littafin da ya yi daidai da kai? Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ba ya cin minti ashirin, ko a ɗakin karatu kake, ko tsugune gaban mai baza littattafai a ƙasa. Kada ka fara da bango, kada ka fara da kauri. Ka nemi babin da ka riga ka sani tun daga ajin ƙarshe na lise, ka karanta shafi biyu. In abin da ka sani ma ya zame maka duhu a bakin wannan marubuci, to ina ga abin da ba ka sani ba? Ajiye shi. In kuwa ka karanta ka ji ya ƙara maka wani haske a kan abin da kake zaton ka gama sani, ka riƙe shi da kyau.

Zan ba ku misali da abin da kowane ɗan Adar ya sani, wato rijiya mai zurfi. Ka saki dutse a bakin rijiya, ka ƙirga daƙiƙa uku kafin ka ji ya taɓa ruwa. Nawa ne zurfinta? Littafi marar kirki zai zana maka akwati, ya sa ƙa'ida a ciki: ka ɗauki rabin 9,8, ka ninka shi da lokacin, ka sake ninkawa da lokacin. Ka buga, ka sami mita 44, ya ce madalla, a wuce gaba. Ka sami amsa, amma ba ka koyi fizik ba.

Littafin kirki ba zai sake ka da wuri haka ba. Da fari zai nuna maka daga ina ƙa'idar ta fito: cewa duk daƙiƙa guda, saurin dutsen yana ƙaruwa da kusan mita 9,8 a daƙiƙa, saboda jan da ƙasa take yi masa. Sannan zai gaya maka abin da ya yi watsi da shi da gangan, wato turjiyar iska, ya kuma faɗa maka dalilin da ya sa hakan ya halatta ga dutse amma bai halatta ga gashin kaza ba. Daga nan sai ya jefo maka tambaya: shin daƙiƙa ukun nan duka dutsen ne ya cinye su? A'a. Ƙarar ma sai da ta hauro daga ƙasan rijiya zuwa kunnenka, tana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. In ka cire lokacin da ƙarar ta ci, zurfin ya koma kusan mita 41. Bambancin mita uku ke nan. Ku tambayi mai ginar rijiya ko mai sayen igiyar guga in mita uku abin wasa ne. Littafin da ya koya maka tambayar "me na manta?" shi ne littafin fizik. Kuma ka duba ko yana rubuta ma'auni a bayan kowace lamba, mita ne, kilo ne, daƙiƙa ce. Marubucin da ke barin lamba tsirara ba ma'auni, zai koya maka sakaci.

A ɓangaren lissafi kuwa, abin dubawa shi ne sharaɗi da hujja. Akwai wata ƙa'ida da ɗan shekarar farko zai haɗu da ita. A taƙaice tana cewa: in da asuba zafin garin Tawa yana digiri 25, da azahar ya kai digiri 42, to tabbas akwai lokacin da ya bi ta kan digiri 30. Kowa zai ce ai wannan a fili yake. Amma ku dubi kasuwa: tiyar hatsi tana iya tashi daga wani farashi ta dira a wani, ba tare da ta taɓa tsayawa a tsakiya ba. Me ya raba su? Zafi yana hawa ne ba yankewa, farashi kuwa tsalle yake yi. Wannan rashin yankewar shi ne sharaɗin ƙa'idar, kuma abin da ake gani kamar a fili yake sai da wani masani mai suna Bolzano ya zauna ya kafa masa hujja a 1817. Littafin kirki zai faɗi sharaɗin, ya kawo hujjar mataki-mataki, sannan ya nuna maka misalin inda ƙa'idar ta rushe saboda an cire sharaɗin. A nan ne lissafin jami'a ya rabu da na lise. A lise an fi tambayarka nawa ne. A jami'a za a tambaye ka don me. Yaran da suka fito da maki mai kyau a bak, suka je suka yi tuntuɓe a shekarar farko, da yawansu a wannan gaɓar suka faɗi, kuma littafin da ke tara ƙa'idoji ba hujja yana ƙara tura su ne cikin ramin.

Sai aikin yi, abin da ɗalibai ke kira egzarsis. A ganina nan ne ake yanke hukunci. Juya zuwa ƙarshen babi. Akwai tambayoyi? Sun faro daga masu sauƙi suna hawa, ko kuwa daga ta farko an shaƙe ka? Akwai amsoshi a baya? Ga yaron da ke karatu shi kaɗai a ɗaki, nesa da gida, ba mai duba masa, littafin da ba amsoshi yana da wuyar sha'ani. Sai dai a nan ma akwai tarko. Wasu littattafan gyararrun amsoshi ne zalla daga farko har ƙarshe, yaro ya kwanta yana karanta su kamar labari, yana gyaɗa kai, yana jin ya gane. Ranar jarrabawa aka ba shi farar takarda, sai hannu ya ƙi tafiya. Ɗana, 'yata, ka rufe amsar da tafin hannunka, ka ɗauki bik da kaye, ka yi kokawa da tambayar ko da rabin awa ne. In ta kayar da kai, ka leƙa layi ɗaya tak, ka sake rufewa. Kan da bai yi gumi ba ba ya riƙe lissafi.

Na san wani zai ce, malam, ka faɗa mana sunaye mana. To zan ambaci kaɗan da aka daɗe ana amfana da su, amma ba don ku ruga kasuwa ba. Wanda ya ji ƙafarsa ba ta tsaya ba, kada ya ji kunyar komawa ga littattafan CIAM na lise, waɗanda aka tsara wa ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci ƙarƙashin jagorancin Farfesa Saliou Touré na Kodebuwa. Makonni kaɗan na bita a cikinsu kafin a buɗe jami'a sun fi sabon littafi amfani. A shekarar farko, littafin Liret da Martinais a lissafi, da na Joseph Grifone a aljabara, suna bayani a natse. A shimi, littattafan Paul Arnaud sun raini ɗalibai masu yawa. A fizik, na Halliday da Resnick, wanda ya fara fitowa a 1960 kuma aka fassara shi zuwa Faransanci, yana da zane da misalai masu yawa, ya fi na José-Philippe Pérez sauƙin shiga, ko da yake na Pérez ya fi zurfi. Masu tafiya Najeriya kuwa, musamman fannin injiniya, za su tarar kowa yana riƙe da Stroud, wanda ke tafiya da ɗalibi taku-taku. Akwai kuma littattafan da aka rubuta don azuzuwan share fagen manyan makarantun Faransa. Suna da kyau, amma gudunsu ya fi na lisans, a yi hattara.

Kafin duk wannan, ka nemi tsarin darasin malaminka. Ka ɗora shi kusa da jerin babobin littafin, ka ga ko sun yi hannun riga ko sun dace. Ka je ka gai da malamin cikin ladabi ka tambaye shi: malam, wane littafi kake ganin ya fi dacewa da darasinka? Ban san malamin da zai ji haushin wannan tambaya ba. Takardun da yake rabawa da tambayoyin TD, wato zaman warware tambayoyi a aji, su ne gaba, don shi zai shirya jarrabawa. Littafi yana zuwa ne ya cike inda bayanin aji ya yi maka sauri.

Wata tambaya da iyaye ke yawan yi: tsohon littafi yana da amfani? A lissafi, ƙwarai kuwa. Littattafan da kamfanin Mir na Mosko ya buga da Faransanci a zamanin Tarayyar Sobiyet, irin su Piskounov, da kundin tambayoyin Demidovitch mai ɗauke da tambaya sama da 3000, har gobe suna aiki. Takardarsu ta yi ja, bangonsu ya saɓule, amma hujjar da ke ciki ba ta tsufa. In kawunka ya yi jami'a shekaru talatin da suka wuce, je ka ka roƙe shi ya buɗe maka akwatinsa. A fizik da shimi ne ake ɗan sa ido. Wasu tsofaffin suna aiki da ma'aunan da aka daina yayi. A 2016 aka raɗa wa sababbin sinadarai huɗu suna, jadawalin ya cika 118. A ranar 20 ga Mayu 2019 kuma aka sauya yadda ake ayyana kilo a duniya. Wannan ba ya hana tsohon littafi koya maka dokokin Newton, sai dai ka san shekarar da aka buga shi, tana nan a bayan shafin farko.

Yanzu ga ƙa'ida ta biyu, ta sauke littafi, kuma a nan ne salula ta shigo. Yau ɗalibi zai nuna maka wayarsa cike da littattafai, an turo ta WhatsApp, wani ma bai taɓa buɗe shi ba. Tara su yana sa zuciya ta kwanta kamar an yi karatu. In babi ya yi tsauri a wannan, sai a tsallaka wancan, in can ma ya yi tsauri a koma na uku, shekara ta ƙare an karanta babin farko sau biyar a littafi biyar. Ba ina kushe intanet ba ne, alheri ce babba ga ɗan talaka. Akwai Exo7, aikin wasu malaman jami'o'in Faransa, da darussan aljabara da sauran lissafin shekarar farko, da tambayoyi da amsoshi, kyauta kuma da izinin masu shi. Akwai OpenStax na jami'ar Rice ta Amurka, da Turanci, shi ma kyauta. Darussan Feynman ma ana karanta su kyauta a shafin Caltech. Shawarata ita ce, a kowane fanni ka zaɓi guda ɗaya ya zama uban ɗakinka, da wani guda na tambayoyi. In a waya yake, ka kai babin da kuke ciki a buga maka a takarda, don ka samu inda za ka ja layi, ka yi rubutu a gefe, ka kuma kuɓuta daga saƙonnin da ke faɗowa kana tsakiyar hujja. In kuɗi ya yi kaɗan, ku haɗu ku huɗu 'yan gari ɗaya, kowa ya sayi guda, ku riƙa karɓa-karɓa, ku zauna tare ku warware tambayoyin.

Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba. Sau da yawa ba lissafin ne ya kayar da yaro ba, Faransancin ne, ko Turancin. Saboda haka cikin littattafai biyu masu daraja ɗaya, ɗauki wanda jimlolinsa suka fi gajarta. Mai tsallakawa Najeriya ya lura cewa inda muke sa waƙafi a cikin lamba, su ɗigo suke sawa, ƙaramin abu ne amma yana ɓata amsa. Ga kuma gwajin da nake so kowane ɗalibi ya riƙa yi wa kansa: in ka gama babi, rufe littafin, ka bayyana wa ƙanenka ko abokinka abin da ka karanta da Hausa. Inda harshenka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba, koma ka sake karantawa. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin fizik da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana, tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira da a koyar da yara da harsunansu. Tun Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Ina roƙon malamanmu na lissafi da fizik da shimi, su fara rubuta mana ko da ƙananan littattafan bayani ne da Hausa, da misalan rijiya da madatsun ruwan Keita da tashar lantarkin rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a 2018 da ƙarfin megawat 7. Irin waɗannan ayyuka suna buƙatar masu lissafi, kuma babu dalilin da zai sa kullum sai an ɗauko su daga nesa.

Kalma ta ƙarshe ga iyaye da yayye. Alhaji, in ɗanka ko 'yarka ta ce a saya mata littafi, kada ka ce wa mai shago ya ba ka mafi girma. Kai ma yaya da ke Abijan ko Kwatano, kada ka sayo don ka ga bango mai ƙyalli. Ka sa yaron ya rubuto maka sunan marubuci da sunan littafin da shekarar bugu, bayan ya shawarci malaminsa. In ya dawo hutu, ka ce ya kawo littafin ka gani. Ko ba ka iya karatun boko ba, za ka gane wanda aka yi aiki da shi: gefensa ya yi dauɗa, an ja layi a ciki, akwai rubutun hannu. Ku kuma da kuka gama jami'a kuka kama aiki, littattafanku na shekarar farko da ke jibge gara tana ci, ku fito da su ku kai lise ɗin da kuka fito, ko Agabba ce ko wata, ko ku miƙa wa yaron unguwarku da ya ci bak bana.